Yaren Aljanna a Hawa na Uku

Ta tagar kicin na fara jin yaren. Gidan da muke haya a Anbariyya, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, hawa huɗu ne, kuma tagogin kicin ɗinsa duka suna buɗewa ne cikin wani siririn fili da ya tashi daga ƙasa har sama, wanda 'yan gari ke kira manwar. Ta nan ƙamshin girkin kowa ke hawa, ta nan faɗan kowa ke saukowa. Mu muna hawa na biyu. Wata safiya ina wanke shinkafa sai na ji muryar mace daga samanmu tana magana da yara da wani harshe da ban taɓa ji ba. Ba Turkanci ba ne, ba Urdu ba, ba na mutanen Indunusiya ba, don waɗannan duk kunnena ya saba da su a Harami. Wannan yana da wani sauti kamar mutum ya ɗora harshe a ganɗa ya huro iska ta gefen baki, irin hucin mage in ta ga kare. Na tsaya da hannu cikin ruwa ina saurare.

A lokacin mun shekara goma sha ɗaya a Madina. Malam, mai gidana, karatu ya kawo shi jami'a, ya ɗauko ni daga Zariya, ya gama wani mataki ya shiga na gaba. 'Yarmu ɗaya ce, a nan aka haife ta, shekararta tara. Tana jin Hausa sarai amma ba ta mayarwa. In na ce ta zo ta ci abinci, sai ta ce, "Tayyib, jayya," wato to, ina zuwa. Ba zan ɗora wa kowa laifin wannan ba, da hannuna na yi. Tun tana koyon magana in ta ce ruwa, sai in ce mata moya. In muka kira gida, in miƙa mata waya ta gaida surukata da Larabci. Tsohuwa ba ta gane ko kalma ɗaya, sai dai ta rangaɗa guɗa ta ce, "Jikata da yaren 'yan Aljanna take magana!" Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Bayan kwana uku na haɗu da mai muryar a saman bene, wurin shanya. Doguwa ce, fara sol, bayan hannunta duk ɗigo-ɗigon ja. Muka gaisa da Larabci. Nata na littafi ne, kowace kalma da wasalinta, nawa kuwa na kasuwa. Ta ce ta musulunta tun tana ɗalibar jami'a. Mijinta asalinsa Balaraben Yaman ne amma haifaffen ƙasarsu, yana aiki a matatar mai a Yanbu, yana zuwa Alhamis ya koma Asabar. Ita ta zaɓi zaman Madina saboda Harami da karatu. 'Ya'yanta mata biyu, babbar sa'ar 'yata ce, ƙaramar tana koyon tafiya.

Na ce, "Daga wace ƙasa, ukhti?"

Ta ce, "Wales."

Ni a bakin ƙannena masu kallon ƙwallo kawai na taɓa jin sunan. Na ce, "Wato Ingila ke nan."

Fuskarta ta canza kamar ka ce wa Bafulatani Kaɗo. Ta ajiye rigar da take matsewa ta yi mini bayani dalla-dalla. Ƙasarsu daban, harshensu daban, Turawa na ce masa Welsh. Ƙauyensu yana tsakanin duwatsu, tumaki sun fi mutane yawa, ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma ita ba ta iya Ingilishi ba sai da ta shiga makaranta. Na yi mamaki ƙwarai. Ban taɓa tunanin Bature ma yana da yaren ƙauye ba.

Daga nan muka saba. Ina hawa da ƙosai, tana saukowa da wani baƙin burodi mai zabibi da take kwaɓawa da ruwan shayi. Ta ce a yarensu burodi sunansa bara. Na ce a namu bara roƙo ne, ko shekarar da ta wuce. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in burodin ya kwana uku ai duka biyun sun dace da shi.

Abin da na lura da shi tun farko shi ne babbar 'yarta. A bakin titi Larabci take yi kamar 'yar Hijaz. Da ubanta Ingilishi. Amma da zarar ta taka ƙofar uwarta sai ta juye, ta shiga zuba wannan yare mai huci, har da tsiwa, har da kuka a cikinsa. Ina zaune da kofin shayi ina kallonsu suna musu a kan takalmi, ban jin komai, amma ina ganin yadda maganar ke kaiwa da kawowa tsakaninsu ba tuntuɓe. Ni da 'yata in muna faɗa, ina jifa da Hausa tana karewa da Larabci, kamar masu dambe a ɗaki biyu.

Wata rana muna tsince wake a falonta na tambaye ta, "Wai me ya sa kike wahalar da yara da yaren nan? Ga ki a Madina. Allah ya kawo ki inda ake yin harshen da ya fi kowane harshe."

Ta yi murmushi. "Da kakata za ta ji ki, da kun kwana kuna yi. Ita har ta mutu cewa take namu ne yaren Aljanna. A can haka tsofaffi ke kiransa. Takan ce Allah yana jin Ingilishi, amma sai ya daure."

Na zabura na ce, "Astagfirullah!"

"Ni ma na ce astagfirullah," in ji ta, tana dariya. "Maganar tsofaffi ce, ban ce na yarda ba. Sallata da Larabci nake yi kamar ta kowa. Amma in na idar na ɗaga hannu, musamman in abu ya dame ni, da yaren kakata yake fitowa. Ke fa? Da me kike roƙo?"

Na ce da Larabci. Ƙarya nake. Ranar da 'yata ta yi zazzaɓin da ya kai mu asibiti, da Hausar Zazzau na yi ta kiran Allah, ban ko tuna da wani Larabci ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Amma 'yata ta fara hawa sama kullum bayan makaranta. Da fari na ji daɗi, na samu sararin yin aikina. Sai wata safiya ta fito daga ɗaki ta ce mini, "Bore da!" Na ce wane irin bore kuma da sassafe? Ta ce gaisuwa ce, haka ake cewa ina kwana a hawa na uku. Bayan kwana biyu na miƙa mata kofi ta ce, "Diyolk." Wai na gode ke nan. Rannan kuma na leƙa banɗaki na same ta gaban madubi ta karkace baki tana gwada wannan hucin na mage, sau goma, sau ashirin, har yawu na fesowa. Yarinyar da na yi shekaru ina fama ta ce ƙofa tana cewa kofa, ta ce ɗaki tana cewa daki, in na gyara mata ta ɗaga kafaɗa ta ce duk ɗaya ne.

Na koma tsayawa a tagar kicin, ba don aiki ba. Ina jin muryar 'yata tana saukowa cikin manwar, tana haɗa kalma biyu uku, matar tana tafa mata tana kiranta da wani suna, kariyad, wanda daga baya na ji ma'anarsa abar ƙauna. Na ƙone miya sau biyu a wannan tagar. Na fara ganin laifin matar a komai. Burodinta ya yi zaƙi da yawa. Gaisuwarta ta yi tsawo. Hatta yadda take karanta fatiha da kyau sai na ga kamar nuna kai ne.

Na ce wa 'yata ta rage hawa sama. Ta ce, "Lesh?" Wato don me. Na ce don na ce. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ana haka aka gayyace mu walimar suna a Awali, a wata gonar dabino da ake haya don taro. Bayan la'asar mata muka baje a kan darduma ƙarƙashin itatuwa, 'yan Kano da 'yan Damagaram da Hausawan Sudan da na Chadi, kowa da irin Hausarta, ana yi ana tsoma Larabci. Hira ta gangaro kan yara da rashin jin Hausa. Wata tsohuwa 'yar Sudan, wadda kowa ke ce wa Hajja, ta ce ita duk wannan bai dame ta ba.

"Ni damuwata kabari," in ji ta. "An ce da Suryaniyanci ake tambaya. Ni da Larabcin ma na sayen tumatir na iya, ina zan sa kaina?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ai Annabi Adamu da Larabci ya yi magana, wata ta ce a'a, duk yaruka aka sanar da shi. Sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Ku kuna ta Suryaniyanci. Ni maƙwabciyata Baturiya cewa take yarensu ne na Aljanna, ba Larabci ba."

Duk suka juyo suna kallona. Na san inda ya kamata in ƙara cewa kakarta ce ta faɗa, kuma cikin raha aka ba ni labarin. Kalmomin suna kan harshena. Na ɗauki dabino na sa a baki.

"Kuma a Madina take faɗin haka?" in ji wata.

"Irin waɗannan sai a hankali," in ji wata. "Ba a rabuwa da abin da aka sha a nono."

A cikin masu sauraro akwai wata 'yar Chadi mai yin lalle, wadda ke zaune a ƙasan gidanmu, kuma ajin haddarsu ɗaya da maƙwabciyata a makarantar mata ta unguwa. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, malamar ajin ta ja matar gefe ta yi mata tambayoyi a kan aƙida. Matan da ke zama kusa da ita suka matsa. A bakin baƙala, shagon cefanen unguwa, yara suka ce wa babbar 'yarta wai uwarta ba ta gama musulunta ba.

Labari ya kai wa Malam ta bakin wani abokinsa. Muna cin abincin rana ya ɗago ya ce, "Wai me nake ji game da matar sama?"

Na ba shi yadda na bayar a Awali, na ƙara da cewa ai dole mutum ya yi kishin addininsa.

Ya ce, "Wahayi da Larabci ya sauka, wannan ba mai ja. Amma zancen yaren 'yan Aljanna, malamai da yawa sun ce ruwayar ba ta inganta ba. Ba abin da za a tuhumi imanin mutum a kansa ba ne."

"To me ya sa ba ka taɓa gaya wa Hajiya mahaifiyarka ba, kullum tana faɗin haka a waya?"

"Tsohuwa tana murna da jikarta, in ɓata mata don me?" Ya juya cokali a faranti. "Ita matar ce ta ce haka da bakinta, a matsayin abin da ta yarda da shi?"

Na ɗauki kofi na shiga zuba masa ruwa. Ya dube ni, ya ci gaba da cin abincinsa, bai sake cewa komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Maƙwabciyata ce, ba faranti a hannunta. Ta ƙi zama sai da na nace.

Ta ce, "Ukhti, mutum ɗaya na ba labarin kakata a garin nan."

Na ce, "Ni ce."

"Kin gaya musu cewa kakata ce?"

"Ban gaya musu ba."

Ta gyara zama. Sannan ta ce bari ta gaya mini inda maganar ta samo asali. A zamanin iyayen kakarta, in yaro ya yi yarensu a makaranta, sai a rataya masa wani guntun katako a wuya. In ya ji wani ya yi, sai ya cire ya rataya masa. Wanda aka tashi katakon na wuyansa, shi ke shan bulala. Ta ce mutanen da aka yi wa haka, aka ce musu harshensu na tumaki ne, ba abin mamaki ba ne su ce to ai a Aljanna shi ake yi.

Na tuna makarantarmu ta 'yan mata, da monita mai rubuta sunayen masu yin Hausa a aji, da yadda muke durƙuso a rana. Na kuma tuna cewa ni ma na taɓa riƙe wannan takardar, kuma na ji daɗin riƙe ta. Ban gaya mata ba.

Ta ce, "Me na yi miki?"

Na so in kawo zancen addini, amma na gaji. Na ce, "'Yata tana ce miki diyolk. Ni tunda na haife ta ba ta taɓa ce mini na gode ba."

Ta ce, "Wallahi ban zaunar da ita na koya mata ba. A gidana in ba da shi aka tambaya ba, ko ruwa ba a samu. Kurma nake zama. Ita ma ta ga haka ne ta bi." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Da kin gaya mini, da na koro miki ita. Da ya fi abin da kika yi sauƙi."

Ranar Lahadi na je makarantar matan na nemi malamar, na gaya mata yadda aka yi. Na sauka wurin mai lalle na gaya mata. Na kira Hajja a waya, ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, 'yar nan." Wasu sun yarda, wasu suka ce ina rufa wa maƙwabciya asiri ne kawai. Ƙarya ta riga ta yi nisa, ni kuma a ƙasa nake bin ta. Matar ba ta koma ajin ba.

Na gwada dabararta a gidana. Na ce daga yau wanda bai yi Hausa ba ban ji shi ba. Ranar farko 'yata ta ɗauka wasa ne. Rana ta biyu ta nemi in taya ta neman littafinta, na yi kamar ban ji ba, ta maimaita, ta yi kuka, ta je ta nemo abinta. Rana ta uku ta daina tambayata komai. Ta ɗebo ruwanta, ta zuba abincinta, ta zauna shiru. Gidan ya yi mini faɗi. Kafin magariba ni na fara yi mata magana, da Larabcina na kasuwa. Ita matar ta fara nata tun yara suna nono, ni na zo da nawa bayan shekara tara.

Mun ci gaba da gaisawa a matakala, har burodi ya sake saukowa sau ɗaya ko biyu, amma ba mu ƙara tsince wake tare ba. Da aka yi hutun ƙarshen shekara suka kwashe suka koma Yanbu. Ta ce mijinta ne ya gaji da hanya. Wataƙila haka ne.

Bayan kamar shekara biyu ta aiko da gayyata, Malam ya ce ya kamata mu je. Muka tafi wata Juma'a da safe. Sun kai mu bakin teku, aka shimfiɗa tabarma a inuwar wata rumfa, mazan suka tafi sayo gasasshen kifi. Daga nesa ana hango bututun matatar mai yana hayaƙi. Manyan 'yan matan suka ruga bakin ruwa. Ƙaramar, wadda na sani tana koyon tafiya, yanzu ta shiga makarantar yara, tana zaune kusa da mu tana cika bokiti da yashi.

Uwar ta ce mata wani abu da yarensu, ina jin cewa ta yi ta sa takalmi. Yarinya ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ma abga." Wato ba ta so. Uwar ta sake faɗa. Yarinya ta ce, "Ba'den, Mama," wato sai anjima, da Larabcin Hijaz tsantsa, har da jan murya irin na 'yan gari.

Wani sanyi ya ratsa ni tun daga wuya har ciki. Daɗi ne, ba zan kira shi da wani suna ba. Na sunkuyar da kai ina gyara gefen tabarma don kada ta gani a fuskata. Da na ɗago, idonta na kaina. Ta gani.

"Wannan ta fi yayarta taurin kai," in ji ta a hankali. Ta juya ta sake maimaita maganar karo na uku, muryarta ba ta tashi ba. Yarinya ta ɗauki bokitinta ta matsa gaba.

Aka kawo kifi da shinkafa muka ci. Ta tambaye ni labarin mutanen gida, na ba ta. Ta ce in gaida mai lalle. Da za mu tafi ta rungume ni sosai, ta ce in riƙa sa ta a addu'a idan na je Harami, don tana kewarsa. Na ce in sha Allahu.

A hanyar dawowa 'yata ta yi barci a baya, gashinta duk yashi. Mun wuce duwatsu da yawa ban ce uffan ba. Malam ya rage rediyo ya ce, "Lafiya dai? Tun da muka taso kin yi shiru."

Na ce masa kifin ne ya yi gishiri.